Ina Za Ta Riƙa Kwana? Ɗalibin Yasore Tsakanin Gurbin Gado da Hanyar Gida

Ranar da sunan ƙanwata ya fito cikin waɗanda aka ba gurbin karatu a wata babbar makaranta ta jiharmu, murnar gidanmu na Yasore ba ta kai sallar isha'i ba. Bayan an ci tuwo, Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, ya gyara zama a kan tabarma ya ce wa mahaifinmu, "Yaya, an gode Allah. To amma ina za ta riƙa kwana?" Baba bai amsa ba. Ya dube ni, domin ni ne wanda ya yi boko mai zurfi a gidan, ana zaton amsa tana aljihuna. Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu in bincika." Kwana biyun nan sun zama mako uku, kuma abin da na gani a cikinsu shi ya sa na rubuta wannan maƙala.

Ya dace in fara da kalmomin da muke amfani da su, tunda manazarta harshe nake yi wa magana. Hausar makaranta ta raba ɗalibai gida biyu: 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo. Na biyun harɗaɗɗen suna ne da aka gina da jimlar umarni, irin ginin "faɗi-ka-mutu" da "jeka-na-yi-ka". Wanda ya ƙirƙiri kalmar ya ɗauka cewa tafiya da dawowa abubuwa ne da suke hannun yaro. A ce masa je ka, ya je, a ce ka dawo, ya dawo. A garin da makaranta take bayan kasuwa, haka abin yake. A yammacin Katsina kuwa, a ƙauyukan Batsari da Safana da suka jingina da Dajin Rugu, rabin kalmar na biyu ya daɗe da komawa addu'a. Uwa tana sallamar ɗanta da safe, ta wuni kunnenta yana hanya.

Manyan makarantun da suka fi kusa da mu a wuri biyu suke. A Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, dukkansu a kan hanyar Dutsin-Ma, sai Jami'ar Al-Qalam. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ɗalibin da gidansu yake Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa yana iya auna zaman makaranta da zaman gida cikin natsuwa: ya duba kuɗin mota, ya duba tuwon gida, ya duba hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai, ya zaɓi wanda ya fi masa. Ɗan Yasore kuwa sai ya hau babur zuwa Batsari, ya jira mota ta cika, ya isa Katsina, sannan ya sake neman abin hawa zuwa ƙofar makaranta. Direba mai hankali ba ya tashi kafin gari ya waye sosai, ba ya kuma yarda magariba ta riske shi a hanya. Laccar ƙarfe takwas na safe ta wuce shi ke nan, ta ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma kuma sai dai ya bar ta. Wannan lissafin lokaci ne kawai. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin kuɗi ya zo ya rufe sauran ƙofar. Manomin da yake sayar da buhun gero kafin ya biya kuɗin rajista ba zai iya ɗaukar nauyin hawa uku da safe da hawa uku da yamma, kwana biyar a mako ba.

Akwai kuma abin da ba a cika lissafawa ba, wato yadda ƙauye kan yanke da duniya ɗungurungum. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokokin tsaro da suka haɗa da rufe wasu hanyoyi da hana sayar da mai a jarka da taƙaita goyo a babur. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Batsari da Safana suna ciki, ba a fara mayar da su ba sai Disamba. A watannin nan ɗalibin da yake zaune gida bai san an ɗage jarrabawa ko an matso da ita ba, domin sanarwar aji ta koma WhatsApp. Na san waɗanda suka riƙa yin tafiya mai nisa, suna hawa tudu, don kawai saƙo ya shigo wayarsu. Saboda haka idan aka ce wa ɗan yankinmu ya zaɓa tsakanin kwana da jeka-ka-dawo, an ba shi zaɓi ne a takarda. Jeka-ka-dawo ba ya cikin lissafinsa tun farko.

Mai karatu zai ce, to ai magana ta ƙare, sai ya kwana a makaranta. Nan ne shirun Baba ya samo asali. Mutanen yankinmu ba su manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara zuwa daji, aka sako 344 bayan kwana shida. Ba su manta da Jangebe a Jihar Zamfara ba, inda aka kwashe 'yan mata 279 a Fabrairun 2021, ko Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Kaduna a watan da ya biyo baya. A kunnen uba irin nawa, "makarantar kwana" tana nufin wurin da aka tara 'ya'yan mutane a ɗaki guda, aka sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Ba na ganin wautar wannan tsoro. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mu kuwa macijin bai bar gidan ba tukuna.

Sai dai na lura da wani abu da muhawarar zaure takan tsallake. Ɗalibanmu da yawa ba a makaranta suke kwana ba, ba kuma a gida ba. Suna wuri na uku, wanda Hausar makaranta ba ta raɗa masa suna ba, har ɗalibai suka aro na Ingilishi suka gutsure shi suna cewa "of-ke": ɗakin haya a unguwannin da suka tsiro a gefen makaranta. Gidaje ne da aka gina cikin gaggawa don kuɗin ɗalibai, sau da yawa a bakin gari inda fili yake da araha, katanga gajera, ƙofa ta langa-langa, babu maigadi, maƙwabta kuma ba su san sunan kowa ba. Idan muka duba hare-haren da suka shafi ɗaliban jami'a a kusa da mu a 2023, a irin waɗannan gidaje suka auku. Ranar 22 ga Satumba aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida. Ba a yi mako biyu ba, a farkon Oktoba, aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Ban ce katangar makaranta ba ta ƙetaruwa. Afaka ta isa shaida. Abin da nake cewa shi ne, a cikin wurare ukun nan, ɗakin haya ne ya fi kowanne rashin mai kula, kuma shi ne rabon ɗalibin ƙauye idan ya rasa gado a makaranta.

Ɗakin haya yana da wata illa ta aljihu. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, mai gida kuma ba ruwansa da kalandar karatu. A yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya fara 14 ga Fabrairu ya ƙare a Oktoba, ɗalibai sun biya hayar ɗakunan da suka yi wata takwas a kulle, suka dawo aka ce su sake biya.

Akwai hanya ta huɗu, tsohuwar hanyar Bahaushe, wato sauka a gidan dangi. Inna ta kawo ta a daren nan, ta ce akwai 'yar ƙanwarta da take aure a birni. Zumunci abu ne mai kyau, kuma ya ɗauki nauyin karatun mutane da yawa, har da ni a shekarata ta farko. Amma duk wanda ya yi irin wannan zama ya san kuɗinsa. Namiji yakan biya da aike da kai yara makaranta. Mace tana biya da wanke-wanke da girki da reno, ta yadda littafi sai bayan kowa ya yi barci, in akwai wuta. Ba za ta iya cewa tana da jarrabawa gobe ba alhali uwar gida tana fama da baƙi. Ga shi kuma gidajen danginmu na Batsari da Katsina sun riga sun cika da 'yan'uwan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyuka. Ɗakin da a da ake ajiye wa ɗalibi, yanzu iyali guda ne a cikinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƙasar Katsina ta san amsar wannan tambaya tun kafin boko. Birnin da ya yi Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, birnin da hasumiyar Gobarau take tsaye a cikinsa, ya karɓi masu neman ilimi daga nesa shekaru aru-aru, kuma ba a taɓa raba karatu da masauki ba. Almajirin da ya zo wurin malami, a zauren malamin yake kwana ko a gidan wani attajirin unguwa da malamin ya haɗa su. Sanin inda ɗalibi ya kwana yana cikin aikin malanta. Turawa ma da suka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, ta kwana suka yi ta, domin sun san ɗan Sakkwato irin Ahmadu Bello da ɗan Bauchi irin Abubakar Tafawa Ɓalewa ba za su je su dawo ba. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 a kan wannan tunani aka gina ta. Daga baya yawan ɗalibai ya ninka ya sake ninkawa, ɗakunan kwana suka tsaya cik, sannu a hankali makarantu suka saba da ɗaukar masauki a matsayin matsalar ɗalibi da iyayensa. Mun gaji tsarin da yake ba yaro takardar shiga, ya juya baya da magariba.

Ra'ayina a nan ba mai sarƙaƙiya ba ne. Tunda gadaje ba su isa ba, kuma ba za su isa a shekara ɗaya ko biyu ba, to a sake duba yadda ake raba su. A yawancin manyan makarantunmu ana fifita 'yan shekarar farko da 'yan shekarar ƙarshe, sannan a buɗe shafin intanet a ce wanda ya riga ya samu. A ido wannan adalci ne, kwamfuta ba ta san ɗan kowa ba. To amma wa yake riga? Wanda yake zaune inda sabis yake da ƙarfi, wanda wayarsa take da caji, wanda wani ya tsegunta masa sa'ar da za a buɗe shafin, wanda kuɗin biya yake asusunsa a wannan minti. Duk siffofin ɗan birni ne. Ƙanwata ta ji labarin an buɗe bayan an rufe. Daga baya muka ga wasu da gidajensu ba su fi hawa ɗaya daga makaranta ba sun kama gado, wasu don su riƙa hutawa da rana, wasu kuma don su sayar da gurbin da tsada ga irinta. Tsarin da yake haifar da haka yana buƙatar gyara, ko da babu wanda ya yi niyyar zalunci a cikinsa.

Abin da nake nema shi ne a sa nisa da haɗarin hanya cikin ma'aunin rabon gado, a fito da shi fili a rubuce. A ware kaso ga ɗaliban da suka fito daga ƙananan hukumomin da gwamnati da kanta take kira na gaba-gaba a matsalar tsaro, a fara da mata, kuma gurbin ya bi ɗalibi har ya gama, domin hanyar Yasore ba ta gyaruwa don yaro ya shiga aji biyu.

Na san abin da za a ce. Za a ce takardar shaidar ɗan asali ba abin dogaro ba ce, wanda aka haifa a birni ya girma a birni zai je ya karɓo ta Batsari. Gaskiya ne. Amma makaranta tana da wata shaida a hannunta wadda ta fi wahalar ƙirƙira: sakandaren da yaro ya gama da cibiyar da ya rubuta jarrabawa. A haɗa da wasiƙar dagaci ko mai unguwa. Ba za a toshe kowace kafa ba, sai dai ɓarnar da za ta rage ba za ta kai ta yanzu ba. Za a kuma ce tara 'yan yanki ɗaya a wuri ɗaya kiran ɓarayi ne. Wannan ya fi nauyi, kuma ba ni da amsar da za ta kwantar da hankali gaba ɗaya. Abin da zan iya cewa shi ne, ɗalibai ɗari a bayan katanga ɗaya mai ƙofa ɗaya ana iya tsaron su in an so, ɗalibai ɗari a gidaje arba'in a bakin daji kuwa ko an so ba a iyawa. Wasu za su nuna asusun bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024 yana ba ɗalibi naira dubu 20 a wata don ɗawainiya. Taimako ne, ban raina ba. Amma bashi ne, kuma kuɗi ba ya sayen gadon da babu shi. Ƙarshensa a aljihun mai gidan haya yake.

Ba zan ɓoye ba, zaman makaranta yana da abin da yake ci, kuma mu 'yan fagen nazarin Hausa mun fi kowa cancantar ganin sa. Na farko dai hannu ne da gona take rasawa. Zangon karatu bai san damina ba, uban da ɗansa ya tafi kwana sai ya ɗauki ɗan ƙodago ko ya rage fili. Na biyu shi ne harshe. Yaron da ya taso yana cewa "hwara" da "mi" da "mashi", mako biyu a ɗakin kwanan ɗalibai sun isa a yi masa dariyar da za ta sa ya koma "fara" da "me" da "masa". Ya dawo hutu yana gyara wa kakarsa Hausa. Ni kaina na yi, kuma sai da na zo aikin digiri na biyu, ina bin tsofaffin garinmu da na'urar ɗaukar murya, na gane cewa abin da na yi shekara huɗu ina gogewa daga bakina shi ne abin da nake roƙo a faɗa mini in rubuta. Ɗalibin da yake kwana gida yana zaune a tsakiyar abin da muke kira bayanan bincike: karin harshe, sunayen gonaki da fadamu, habaicin mata a bakin turmi, da sababbin kalmomin da tashin hankalin shekarun nan ya haifar, waɗanda ba su shiga ƙamus ba tukuna. Idan duk mai ilimin ƙauye ya tafi kwana, daga kwana ya zarce birni, wa zai tattara su? Wannan asara ce ta gaske. Amma ban ga yadda za a ce wa uba ya sa 'yarsa a hanyar Batsari sau goma a mako don a adana wasali da baƙi ba. Maganin wannan yana hannun sassanmu: a daina ɗaukar daidaitacciyar Hausa a matsayin ita kaɗai ce Hausa a cikin aji, a riƙa ba ɗalibi aikin hutu da zai mayar da shi zauren kakansa da littafi a hannu, ya san cewa abin da ya baro a gida ilimi ne.

Tunda na ambaci abin da yake hannun sassa, bari in ƙara. Shugaban sashe ba ya gina ɗakin kwana, amma shi yake sa hannu a jadawalin lacca. Malami ba ya raba gado, amma shi yake sanar da gwaji da ƙarfe goma na dare a ce gobe da safe. Ƙa'idar halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a zauna jarrabawa tana da hikima, sai dai idan aka ɗora ta a kan wanda aka rufe hanyar garinsu mako guda, ta zama hukunci a kan laifin da ba nasa ba. Mai kula da kowane aji zai iya sanin, a makon farko, su wa suke kwana ciki, su wa suke haya kuma a wace unguwa, su wa suke zuwa daga nesa. Takarda ɗaya ce. A cikin mako ukun da na yi ina zirga-zirga, ban samu ofishin da ya iya gaya mini adadin ɗalibansa da suke kwana a waje ba, balle inda suke. Malamin zaure na da, wanda bai san jadawali ba, ya san wannan.

An yi ta maganar sulhu a wasu ƙananan hukumomin yankinmu a 2025, kuma akwai lokutan da hanya takan yi sauƙi har mutum ya fara mantawa. Iyaye dai ba sa gina shekara huɗu na karatun 'ya'yansu a kan lafawar wata uku, domin sun ga sulhu a baya sun kuma ga abin da ya biyo bayansa.

Game da ƙanwata, ba mu samu gado ba. Wata ɗaliba 'yar Safana da take aji uku ta yarda ta raɓa da ita, suna kwana biyu a katifa ɗaya, a ɗakin da aka yi don mutum huɗu amma takwas ne a ciki. Dokar makaranta ta hana, kowa kuma ya san ana yi. Kawu ya so a kama mata haya, Baba ya ce, "A'a, gara ta matsu a cikin katanga." Tana zuwa gida sau biyu a zango, ranar kasuwa, lokacin da motoci suke tafiya a jere, ta koma kafin la'asar. Kullum bayan isha'i Baba yakan fita bayan gida, inda sabis yake ɗan kamawa, ya kira ta. In ta ɗauka, tambayarsa ɗaya ce: "Kun shiga ɗaki?" Baɗi wadda ta raɓa da ita za ta shiga ajin ƙarshe, shekara mai bi mata kuma ta gama, ƙanwata tana aji uku, ajin da ba ya cikin waɗanda ake fifitawa a rabon gado.